Gorar Ruwan Badagiri

Zuwa ga yayana, Hamma Iliya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ka yi haƙuri da na ɗauki biro na rubuto maka. Na san ba tarbiyya ba ce ƙanwa ta tare babban yayanta da dogon zance, kuma ko sanda kake gida ban cika iya haɗa ido da kai ba. Ban ma san inda zan aika takardar nan ba. Amma akwai laifin da na yi maka, ina so in faɗa kafin Juma'a.

Ranar Juma'a Baba zai tara mutane a ƙofar gidanmu na Nassarawo a yi maka addu'ar mamata, a raba kayanka. Ya yi shawara da malamai, ya ce shekara uku ta isa jira. Inna dai ta wanke rigunanka ta ninke.

Makon jiya malamarmu ta ba mu insha'i a kan wuraren da ya dace a ziyarta lokacin hutu. Wasu suka rubuta Yola, wasu gonar kakanninsu a Betso. Ni na ɗauko tsohon littafina na labarin ƙasa, na buɗe bangon baya, inda ka rubuta mini wurare biyar da hannunka.

Ka tuna? Ka dawo daga kai shanu Legas da tirela, kana warin man dizal, ka zauna a tabarmar Inna ka cire takalmi. Ka ce an jinkirta maka lodi kwana biyu, shi ne ka shiga motar haya ka je wani tsohon gari a bakin teku, Badagiri.

Na ɗaya ka rubuta gidan bene, wanda aka ce ya girmi duk benayen ƙasar nan. Ka ce, “Safiya, benayen Mubi duk jikokinsa ne.”

Na biyu gidan tarihi, inda aka ajiye sarƙoƙin da ake ɗaure bayi da su. Ka ɗaga ɗaya da hannu biyu. Ka ce kai da ka girma a kasuwar shanu, ko bijimi ba ka taɓa ganin an ɗaure da irinta ba.

Na uku kwale-kwalen da ke ƙetare da mutane zuwa tsibiri. Ka ce kada in gaya wa kowa, amma tun da aka tashi har aka sauka kana riƙe da katako kana salati. Ban gaya wa kowa ba har yau.

Na huɗu wata rijiya a kan hanya, a cikin itatuwan kwakwa. Aka ce da, ana tilasta wa bayi su sha ruwanta don su manta hanyar gida. Na tambaye ka ko ka sha, ka yi dariya ka ce, “Da na sha, wa zai kawo miki tsaraba?”

Na biyar teku. Shi kaɗai ka ƙi ba ni labarinsa. Sai ka ciro gorar roba cike da ruwansa, ka zana layi da ƙusa a wuyanta daidai inda ruwan ya tsaya. Ka ce ruwan aro ne, in na gama sakandare za ka kai ni in mayar da hannuna.

Malama ta karanta insha'ina a gaban aji, ta tambaye ni wace shekara na je. Na sunkuyar da kai har ta wuce.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, mu muka bi ta duwatsu da ƙafa. Daga baya muka ji an gan ka a unguwar Lokuwa, kowa na fita kai kana shiga, kana tambayar ko an ga 'yan gidanmu. Iyakar abin da muka sani ke nan. Da muka dawo bayan watanni, mun tarar an ɓalle ƙofa, an kwashe keken ɗinkin Inna har da bokitai. Gorar tana nan kwance a ƙarƙashin gado. Ba wanda ya ga amfanin ɗaukarta.

Ga laifin, Hamma. Tun tafiyar duwatsun nan gwiwoyin Inna ba su daina ciwo ba. Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu ta gaya mata ruwan teku magani ne in an shafa. Inna ta ce in sam mata cikin murfi ɗaya kawai. Ta yaya zan hana ta? Bayan ita Maman Rifkatu ta roƙa don ciwon bayanta, sai wata, sai wata, har daga wasu unguwanni. Duk manya ne, bakina ya kasa cewa a'a. Kowace ta tafi, sai in ɗebo ruwan rijiyarmu in ƙara har ya kai layinka, don kada ka dawo ka ga ya ragu.

Jiya na ɗanɗana. Babu gishiri ko kaɗan. Ruwan Nassarawo ne tsantsa a cikin gorarka, kuma matan har yanzu suna zuwa suna godiya.

Na daina sa ran zuwa Badagiri. Baba ba ya barin mu mu wuce makaranta da kasuwa, kuma ban ga laifinsa ba. Ko da wani ya kai ni, me zan mayar? Wani lokaci nakan ce Allah ya sa irin ruwan rijiyar nan ta Badagiri aka ba ka ka sha, kana can da ranka ka manta mu kawai. Da na fi son haka. Amma na girma, na san ba haka ba ne.

Gorar ba za ta shiga rabo ba, na ɓoye ta a jakar makarantata.

Allah ya yafe mini abin da na yi da amanarka. In kana raye, Allah ya nuna maka hanyar gida. In ka riga mu, Allah ya haskaka inda aka kwantar da kai, ko da mu ba mu san wurin ba.

Ban sani ba ko ya dace a rubuta wa mutum bayan an shafa masa Fatiha, kuma ina jin kunyar tambayar Baba. Shi ya sa nake tambayar ka. Ka ba ni izini in sake rubutowa bayan Juma'a. In ban ji ka hana ba, zan ɗauka ka yarda.

Ƙanwarka,
Safiya