Ki Tsayar da Uwaisu, Kada a Rushe Bangon Gabas

Zuwa ga Aina'u, sanyin idona, inuwar ɗorawa ga wanda rana ta gasa, ruwan randa ga wanda ya dawo daga huɗa, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari!

Assalamu alaiki. Karɓi gaisuwar mutumin da Legas ta tauna ta kasa haɗiyewa. Sau uku na kira ki a waya, sau uku na ɓuge da tambayar lafiyar awaki. Abin da ke bakina ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na ba direban motar Kano wannan takarda. Ki zauna kafin ki karanta, don na san za ki yi fushi, kuma da gaskiyarki.

Kin ce Asabar ta sama Uwaisu magini zai zo ya rushe ɗakin marigayi Baba, a kafa harsashin ɗakin bulon da na yi miki alkawari. Shekara shida ina alkawari! Shekara shida kina jera kwanuka kina tarar yoyo duk damina, kina jan gado daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba ki taɓa kai ƙarata gidanku ba. Ni na ce a rushe, ni na ce wurin ya fi tudu. To yau kuma ni ne nake roƙonki, ya farin watana, ki tsayar da Uwaisu.

Ki ji abin da ya same ni. Kamfanin gadinmu ya mayar da ni wani gida inda ake baje zane-zane, masu hali su zo su tsaya suna gyaɗa kai. Makon jiya aka rataya sababbi. Na shiga zagaye da safe, sai na tsaya cak a gabansu. Shuni ne, da jar ƙasa, da makuba, da toka, a kan farin alawayyo. Tun kafin in karanta sunan da ke ƙasa na san hannun. Dabo na Kunci. Baba, Aina'u! Mutumin da ake nunawa da baki a kasuwa, ga zanensa guda tara a bango, kowanne da fitilarsa.

Kin san ban yafe masa ba. Yana bisa rimi yana kallon gonakin mutane, ciyawa tana cinye tamu. Inna tana wankau a gidajen maƙwabta, shi yana jiƙa bawon ɗorawa yana neman launi. Wani malamin makaranta ya riƙa zuwa yana naɗe yadin yana tafiya da shi, mu ba mu ga komai ba sai tabon shuni a ƙofa. Wannan duk gaskiya ne, ba zan goge ko ɗaya ba. Amma wallahi hannun nan ba na banza ba ne, kuma ba zan yi masa ƙarya don yana kabari ba.

Ina ma kin gani! Bai zana mutum ba, bai zana dabba ba. Ƙasarmu ya shimfiɗa kamar yadda shirwa ke ganinta. Kunyoyi sun jeru suna karkata kamar kitson da kike yi ranar Juma'a. Gamba ta bi iyakoki siririya, ja-ja. Inda gawo yake sai ya bar fili fari, domin da damina gawo ba ya da ganye, wa ya lura da wannan in ba wanda ya zauna ya duba ba? Idan ka daɗe a tsaye sai ka ji kamar gero yana motsi, kamar hadari ya taso daga gabas. Matar da ke kula da gidan tana gaya wa baƙi cewa kafin shi ba wanda ya yi irin wannan a ƙasarmu, kuma yanzu ɗaliban jami'a salonsa suke koyo.

Sai dai takaici, ya zumata, takaici! Na ji ta tana cewa layukan ba su nufin komai, wai damuwar ruhi ce. Damuwar ruhi? Gonar Ɗan Iya ce! Ga rijiyar bayan gari, ga burtalin da nake tare ki kina dawowa daga ɗiban ruwa. Kuma mafi girmansu a kife suka rataya shi, rijiya ta koma arewa. Na daure na gaya mata. Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa mai tabin hankali, ta ce in koma bakin ƙofa. Ban ce ɗansa ne ni ba. Da wane baki? Su da suka kifa shi sun ga darajarsa, ni da na san gabas ɗinsa da yammansa na shekara talatin ina kawar da kai.

Kin tuna shekarar da aka kawo ki, ranar da ruwa ya tare mu muna dawowa daga gona muka faɗa ɗakinsa? Kina tsaye, mayafinki a jiƙe, kin ƙura wa bangon gabas ido, wanda ya cika da zane tun daga ƙasa har azara. Kika ce mini a hankali wai bangon nan numfashi yake. Na yi dariya, na ce aikin malalaci ne. Shi yana zaune a dokin ƙofa, ya ji ni sarai, bai ɗago ba. Ke kika gani tun ran nan, ya tauraruwata, ni kuwa ke kaɗai nake kallo. A kan wannan dai ban yi nadama ba.

Bangon nan shi ne aikinsa na ƙarshe, kuma ya fi duk na nan girma. Ba sayarwa zan yi ba, ban ma gaya wa kowa yana nan ba. So nake in tsaya gabansa sau ɗaya da idon da ba na fushi ba. Hutuna kuwa sai bayan girbi.

Na san abin da nake nema. In an bar ɗakin, sai a yi naki a wajen turken awaki. Wurin kwari ne, sai an yi ciko, ba za a gama kafin ruwa ya sauka ba. Wata damina ke nan kina tarar yoyo saboda mutumin da ya riga ya sa wata mace ta sha wuya a gidan nan. Ashe ban zama shi ba? Wannan tambaya ita ke cina. Wane irin miji ne ke aiko wa farar kurciyarsa roƙo a madadin rufi?

Don haka hukunci a hannunki yake, ke ruwa ke zuba wa, ba ni ba. In kin yarda, ki sa Uwaisu ya ja leda a kan soron Baba, ya gyara indararon da ya fashe. In kin ce a rushe, wallahi ba zan taɓa goranta miki ba, ko da ido. Abu ɗaya kawai: kafin a ɗaga gatari, ki shiga ke kaɗai, ki duba bangon da kyau, lungu-lungu. In na dawo, a bakinki zan gan shi.

Ko a soro ko a bulo, inda kike nan ne gidana, kuma ba ni da wani har a miƙe ni a ƙasa.

Naki, jiya da yau da abin da ya rage,
Zaharaddini Dabo