Sojoji Sun Tafi Sun Bar Ni da Farin Burodi

Uwargida Waltraud, ki taimaka mini da shawara, na gaji. Ban saba kai kukana gun kowa ba, matata ce ta ajiye mini takarda da biro ta fita.

Gidan burodi gare ni a ƙofar barikin sojojin Amurka. Yayata Irmgard ce ta gaji shagon babanmu, ni da hannuna na gina nawa, ko cokali ba wanda ya ba ni. Na lura yaran nan ba sa iya tauna baƙin burodinmu mai tsami, sai na koma gasa musu fari mai laushi da zaƙi. 'Yan gari suka sa mini suna mai sayar da soso. Na bar su da dariyarsu, na ƙara ma'aikata.

To yanzu an kwashe yawancin sojojin, wasu gida, wasu Poland. Kullum a talabijin gardama ake kan wa zai tsare Turai in gabas ta rikice. Ni ma abin yana damuna, amma tandata ce ta fara yin sanyi. 'Yan gari ba za su ci soso ba. Baƙin burodi kuwa sai da uwar kullu, wato kullun tsamin da ake ɗiba kullum ana ƙara masa gari. Tamu tun ta kakanmu ce. Rabon da na samu daga cikinta ya daɗe da mutuwa, don ban buƙace shi ba. Na tayar da sabuwa, tsohon maƙwabcina Alois ya ɗanɗana burodin ya ce, "Wannan ma da Turancin Amurka yake magana."

Ta asali tana gun Irmgard. Kin san ba a sayar da ita, roƙa ake yi, a ƙofar baya, da kwalba a hannu. Ɗana Torben kuma ya ce mu bi sojojin Poland kawai. Shekaruna sun haura sittin, gwiwoyina sun ƙi. In bi su ne, ko in je yayata ta kalle ni sama da ƙasa? In ban yi ɗaya ba, kafin Kirsimeti zan rufe.

Mai Burodin Bakin Bariki

Mai Burodi,

Ba ka yi laifi ba da ka ciyar da masu yunwa abin da suke so, kuma shagon da ka gina abin alfahari ne. Amma su ma 'yan gari suna da tasu gaskiyar, sun ji ka juya musu baya.

Maganar Poland, ka bar ta. Takardar da ta ɗauke sojoji daga ƙofarka za ta iya ɗauke su daga can, kuma ba da kai za a yi shawara ba. In Torben na da ƙarfin gwadawa, ka sa masa albarka.

Kai kuwa ka wanke kwalba. Irmgard za ta faɗi magana, ka bar ta ta gama, ba za ta wuce tsawon shan kofi ba. Macen da ta yi shekaru tana tashi da asuba tana ciyar da kullun kakanku ba don ya ƙare a shago ɗaya ta yi ba. Burodin farko da ya fito, kai mata shi da zafinsa. Alois ya jira na biyu.

Ina maka fatan tanda mai ɗumi.

Waltraud