Na Juya wa Rana Baya

Sa'alaba, Jidda
3 ga Rajab

Yaya Abdallah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Larai da yara. Yaya ƙafar taka?

Ni dai bayan nan nawa ya ƙi. Tun da dakon buhuna a Khumra ya gama da shi, shekara biyu ke nan a kan kujera nake salla. Goshina bai sake taɓa ƙasa ba, Yaya. Abin yana cina.

Autata Zakiya, mai shara a gidan motsa jiki na mata, ta zo mini da wata yoga, wai sunanta gaisuwar rana, wai tana sassauta baya. A'uzubillahi! Ni da furfurata in gai da rana? Ta rantse motsa jiki ne kawai. Ka miƙa hannu sama, ka sunkuya, ka ja ƙafa baya, ka sauke ƙirji ƙasa, ka ɗago kai kana jan numfashi. Na yarda, amma da sharaɗi. Ka san a nan inda rana ke fitowa nan ne alƙibla, don haka teku nake fuskanta, kada abin ya yi kama da ibada.

Yanzu yatsuna suna kai gwiwa. Ka taya ni addu'a in yi sujada da azumi.

Ƙaninka,
Adamu

27 ga Sha'aban

Yaya Abdallah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar.

Halas, Yaya, shi ke nan. Ranar Talata da safe, ina cikin motsa jikin nan, na sauka har ƙasa. Gwiwa, hannu, sai ga goshina a kan tabarma, da sanyinta da komai. Na fashe da kuka. Da na yunƙura in tashi in juya gabas, wani abu ya tsinke a ƙuguna. Maƙwabta ne suka ɗauke ni.

Likita ya ce da ƙarfi na yi abin da ake yi a hankali, kuma daga yanzu a kwance zan riƙa salla. Zakiya ta daina cin abinci, tana cewa laifinta ne. Wallahi ba nata ba ne, ni na ƙosa.

Malamin masallacinmu ya ce sallar kwance karɓaɓɓiya ce. Na sani. Amma sau ɗaya tak goshina ya taɓa ƙasa cikin shekara biyu, Yaya, kuma alƙibla tana bayana.

Ka gaishe da kowa.

Ƙaninka,
Adamu