Safar Baba

Al-Khalidiyya, Madina

Zuwa ga ƙanwata Munirat,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambaye ni yadda sabuwar mai koyar da tanis a makarantarmu take jure zafin Madina bayan ƙanƙarar Saiberiya. Ba ke kaɗai ba ce, rabin malamanmu haka suka ɗauka. Sabiya daban, Saiberiya daban. Sunanta Senada, 'yar Sabiya ce, a Turai, daga Novi Pazar, gari mai Musulmi da yawa. Ta yi shekaru tana buga gasa har kafaɗarta ta gaza. Kakarta ce ta raine ta, ita ke raka ta Belgrade a mota, ta zauna a gefen fili tana saƙa safa, ko yadda ake ƙirga maki ba ta sani ba.

Abin da ke damuna ɗalibata ce, Suhaila. Yarinyar tana da hannu, Munirat, in ta daki ƙwallo sai kin waiga. An zaɓe ta gasar 'yammata a Jidda, amma mahaifinta Malam Lurwanu ya hana. Shi ba zai iya rufe shago ba, uwarta tana jego, kuma 'yarsa ba za ta kwana a wani gari ba nata a kusa ba. Khalas, in ji shi, wato magana ta ƙare. Ban ga laifinsa ba, amma in ta rasa bana, shekarunta sun wuce.

Suhaila ta gaya wa Senada da guntun Turancinta cewa baba ya ce a'a. Senada ta yi dariya, wai ai ita ta san kan baba. Ta roƙe ni in raka ta gidansu ranar Alhamis. Ban san me ta taka ba. Ki sa mu a addu'a.

Yayarki,
Sumaya

Al-Khalidiyya, Madina

Zuwa ga ƙanwata Munirat,

Bayan sallama da tambayar lafiyarku, ga labarin Alhamis.

Mun je unguwarsu, Harra ta Yamma, bayan la'asar. Malam Lurwanu ya tarbe mu da shayi da dabino. Senada ta gaishe shi, ta rungume wani ƙunshi da ta zo da shi, ta yi ta leƙen ƙofa tana tambayar ina baba. Na nuna mata shi da gemunsa. Sai fuskarta ta yi ja. Ashe a yarensu baba kaka ce! Ƙunshin kuwa safar ulu ce mai furanni, saƙar kakarta marigayiya, ta kawo wa tsohuwar da take zaton ita ta hana.

Dariyarmu ce ta fito da Hajiya Ƙaltume, mahaifiyar Malam Lurwanu, tana dogara sanda. Da na fassara mata, ta ce ai baƙuwar ba ta yi kuskure ba, a Kano inda iyayenta suka taso ita ma baba ake ce wa irinta. Ta karɓi safar ta saka nan take, a wannan zafin. Ta sa na ba ta labarin kakar Senada tun daga farko. Sannan ta dubi ɗanta ta ce iyayenta sun zo Madina da ƙafa, ita ba za a ce jirgin ƙasa zuwa Jidda ya gagare ta ba. In nata a kusa yake so, ga ta. Malam Lurwanu ya shafa gemu ya ce tayyib, shi ke nan, tunda baba ta faɗa.

Jibi za su tafi. Hajiya tana ta koyon ƙirga maki, tana mitar wane irin lissafi ne daga sha biyar a je talatin, sannan a ce arba'in.

In kin zo umara ki taho da takalmin roba. Akwai raket ɗin buga tanis a ajiye, ki zo ki gwada hannunki. Inna kuma mun tanadar mata kujera a gefen fili.

Yayarki mai ƙaunarki,
Sumaya