Rasuwar Malama Sulusi, Wadda Manhaja Ta Ƙi Gane Fuskarta

Cikin alhini mai nauyi, da zuciyar da ba za mu ɓoye cewa tafasa take yi ba, Ƙungiyar Malaman Makarantun Firamare ta wannan shiyya, a ƙarƙashin jagorancin Mai girma Shugabanta da ɗaukacin 'yan Majalisar Zartarwa, ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma abokiyar aikinmu, Babbar Malamar Lissafi, Mataimakiyar Shugaban Makaranta, Mai Ba Ƙungiya Shawara kan Horar da Malamai, wadda manya da yara suka fi sani da Malama Sulusi. Allah Ya karɓi abinSa da hantsin ranar Laraba a babban asibiti, kwana ɗaya bayan ta yanke jiki ta faɗi a kan matakalar ofishin hukumar horar da malamai. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Marigayiya ta shekara talatin da ɗaya da alli a hannu, mafi yawansu a aji huɗu, ajin da yaro ke fara gamuwa da rabi da kwata da sulusi, inda da yawa suke sallama da lissafi har abada. Ita ba ta yarda yaro ya sallama. Da murfin kwalba, da tsinken tsintsiya, da igiyar da take ninkawa a gabansu take koyarwa, har sai ta ga idon na can bayan aji ya buɗe. A nan ɗalibai suka laƙaba mata sunan da ya bi ta, ita kuwa, da yake ba ta da tsawo, sai ta karɓa da dariya, tana cewa ai gaskiya suka faɗa, da aka zo rabon tsayi gida uku aka kasa, aka miƙo mata kashi ɗaya.

Tana da shekara hamsin da biyu 'yarta ta fari, ma'aikaciyar jinya, ta koya mata aika saƙon murya a waya. Ba a yi mako biyu ba ta buɗe zauren malamai a waya, ta fara da mutum bakwai. Kowace Asabar takan zauna a ajinta bayan an share, ta jingina wayar da kwalin alli, ta naɗi darasi na minti goma da muryarta kan yadda ake koyar da abu guda: yadda za ka gane yaro ya haddace ne bai fahimta ba, yadda za ka gyara kuskure ba ka kunyata mai shi ba. Malamin da ke makarantar da sabis ba ya kaiwa sai ya hau tudu yakan sauke darasin sau ɗaya ya saurara har mako ya zagayo. Cikin shekara huɗu zauren ya haura mutum ɗari huɗu, babu wanda ya sa ta, babu wanda ya aiko ta. Mai wannan sa hannu yana cikin bakwai ɗin farko, kuma a bakinta ya fara jin cewa ba abin kunya ba ne malami ya ce bai sani ba.

Da hukumar horar da malamai ta ƙuduri aniyar mayar da horo cikin waya, wannan ƙungiya ce ta fara yi mata maraba, kuma marigayiya ce ta bi makarantu tana lallashin dattawan da ke tsoron taɓa gilashin waya. Ita ta miƙa wa hukumar darussanta hannu bibbiyu. Da manhajar ta fito, sai muka tarar goma sha ɗaya daga cikin darussan da ke cikinta muryarta ce, an yanke sallamarta ta farko, an yanke inda take faɗin ko ita wace ce, an manna tambarin kamfanin da aka ba aikin. Mun so mu yi magana a lokacin, ita ta hana mu, ta ce: "Ku bar su da tambarinsu, in dai yaro zai gane." Mun bi maganarta, kuma yau muna cizon yatsa.

Wata takwas da suka wuce hawan jini ya buge ta, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, idonta ɗaya ya sauka. Bayan wata huɗu ta dawo aji da sanda, ta koya wa hannun hagu rubutu a allo. A wannan zangon ne hukumar ta wajabta wa kowane malami awa arba'in a manhajar, wadda ba ta buɗewa sai ta duba fuskarka ta gwada da hoton da aka ɗauka tun farko. Hoton marigayiya kuwa na kafin ciwo ne. Ta gwada a aji, ta gwada a tsakar gida inda haske ya fi, 'yarta ta riƙe mata wayar, har ta sa yatsa ta ɗaga gefen bakinta ko na'urar za ta yarda. Amsa ɗaya ce kullum: wannan ba mai rajistar ba ce. Wato dai an hana ta shiga ta saurari muryar kanta, sannan aka rubuta cewa ba ta halarta ba.

Shugaban makarantarta ya rubuta wa hukumar. Wannan ƙungiya ta rubuta sau biyu, da hatimin Mai girma Shugaba, kuma kwafin takardun yana hannunmu. An yi kunnen uwar shegu da mu, sai amsa guda mai layi biyu, cewa duk mai matsalar fuska ya zo da kansa a sake masa hoto a hawa na uku na ofishin hukumar. Ginin ba shi da lif, wato na'urar hawa bene. Zuwanta na farko, bayan ta hau matakala hamsin da huɗu da sanda, aka ce mai ɗaukar hoton ya tafi taro. Zuwa na biyu yana nan, amma ya ce sai da takardar likita, ya ƙara da cewa: "Mama, ki yi haƙuri, ba ni na ƙi ki ba, na'ura ce." Malaman da ke kan layi sun shaida mana amsarta: "Ɗana, kai aka ɗauka ka kula da na'urar, ko ita aka ɗauka ta kula da kai?"

Kafin ta samo takardar likita, hukumar da ta kasa amsa wasiƙa cikin wata biyu ta iya buga jerin sunaye cikin kwana biyu. An rarraba shi makarantu arba'in da ɗaya, aka ce a manna a allon sanarwa, da kanu mai manyan baƙaƙe: malaman da suka ƙi karɓar horo. Sunan Malama Sulusi ne na tara, a bakin ƙofar da ɗalibanta ke bi kowace safiya, ɗaliban da ita ta koya wa karatun da suka karanta shi da shi. Ranar Talata ta koma karo na uku da takardar a jaka. Maigidanta, tsohon ma'aikacin gidan waya mai fama da ciwon gwiwa, ya raka ta ya zauna a bencin ƙasa, ta ce masa ya jira yanzu za ta sauko. A tsakanin hawa na biyu da na uku ta faɗi.

Mun sani ajali na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya, kuma ba mu ce wani ya ɗauki ranta ba. Amma ƙaddara ba ta wanke sakaci. Ba ƙaddara ce ta hana a sauko da kyamara ƙasa ba, abin da ba ya kai nauyin littafin rajista. Ba ƙaddara ce ta shafa wa mai shekara talatin da ɗaya a aji kashin kaji ba. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta, kuma an yi haka da sunan ci gaba. Wannan ƙungiya ba ta gaba da waya ko manhaja, don mun ga alherinsu a hannun marigayiya tun kafin masu kwangila su san hanyar makarantunmu. Abin da muke gaba da shi shi ne ofishin da ke fakewa a bayan na'ura, ya bar ta ta yanke hukuncin da mutum mai ido da kunya ba zai yanke ba.

Saboda haka Majalisar Zartarwa, a zamanta na gaggawa, ta yanke cewa daga ranar Litinin babu ɗan wannan ƙungiya da zai sake nuna wa manhajar fuskarsa, har sai hukumar ta janye jerin nan a rubuce, ta nemi gafarar iyalan marigayiya a bainar jama'a kamar yadda ta tozarta ta a bainar jama'a, ta kuma mayar da sallamarta da sunanta kan darussanta goma sha ɗaya. Akwai malamai uku masu larurar ido da ɗaya mai tabon ƙuna da manhajar ke ƙi har yau, kuma ba za mu jira sai mun rubuta irin wannan takarda a kansu ba.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga maigidan marigayiya, babanmu, da 'ya'yanta biyar, da jikokinta, da Shugaban makarantarta da malamansa, da 'yan aji huɗu da aka bari a tsakiyar zango. Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata kurakuranta, Ya sa ilimin da ta shuka ya zame mata haske a makwancinta, Ya ba iyalanta juriyar wannan babban rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Da tawagarmu ta je gaisuwa, Mai girma Shugaba ya tambayi babanmu ko akwai abin da yake so ƙungiya ta yi masa. Ya ce abu ɗaya ne, a cire masa sunan matarsa daga bango kafin yara su koma makaranta. Muna sanar da hukuma da jama'a cewa ba mu jira izini ba. An cire takardar daga makarantu arba'in da ɗaya, babu wadda ta rage. Duk jami'in da ke neman wanda ya ba da wannan umarni kada ya wahalar da masu gadi ko shugabannin makarantu da tambaya. Ni na bayar, kuma ina aji biyar kowace rana daga ƙarfe takwas.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya kuma Sakataren Yaɗa Labarai,
a madadin Mai girma Shugaba da Majalisar Zartarwa,
Ƙungiyar Malaman Makarantun Firamare ta Shiyya.