Mashanyar Babanku

Ni Noeleen Pascoe, ta unguwar Edwardstown a Adelaide, nake rubuta wannan da hannuna. Hankalina garau yake, jikin ne kawai ya gaza. Likita ya ce da wuya in kai Kirsimeti, ban kuwa yi masa gardama ba. Graeme, Kerrie, ku karanta tare a tebur ɗaya, ko da ba ku gaisa ba.

Na ɗaya, gida. Naku ne, rabi da rabi. Na san za ku sayar, na kuma san mai saye zai rushe shi ya cusa gidaje uku a filin. Ba ni da ikon hanawa. Ko ina da shi ma, Babanku ba zai iya zama shi kaɗai ba.

Na biyu, mashanyar nan mai juyawa ta bayan gida. Ita ce damuwata. Babanku Des ya kafa ta shekarar da aka haifi Graeme, ya zuba mata siminti kamar mai gina gada. A jikinta kuka yi ta lilo har hannunta ɗaya ya lanƙwashe, kowa ya ce ɗan'uwansa ne. A ƙarƙashinta muke cin abincin Kirsimeti, mu lulluɓa mata zanin gado saboda rana.

Yanzu Babanku bai san sunayenku ba. Ni ma yakan tambaye ni ko ni ce sabuwar nas. Amma kowace safiya sai ya ɗauki kwando ya fita, ya murɗa mariƙin ta sauko, ya shanya kaya ɗaya bayan ɗaya, ya murɗa ta hau, ya tsaya yana kallon iska na juya ta. A lokacin ne kaɗai nake ganin mijina. Ba ku taɓa tambayar inda mutum biyu suke samun wanki kullum ba. Ni nake jiƙa tawul masu tsabta, in matse, in ajiye masa a kwando. Ranar da aka kwantar da ni asibiti ba wanda ya jiƙa, ya yini a bakin ƙofa yana kuka, bai san dalili ba.

Na je gidan tsofaffin da Kerrie ta zaɓa. Wurin na da kyau, Kerrie, ban zarge ki ba. Na roƙi shugabar ta bari a kafa mashanyar a lambunsu. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ayya Mama, injin busarwa gare mu, kuma wani zai iya buga kai." Na sake komawa, amsar ba ta canja ba. Iya ƙoƙarina ke nan, kuma bai isa ba.

Na uku, bashi. Na kuɗi babu. Amma maƙwabciyarmu Eleni ta daɗe tana leƙen shanyarmu ta saman shinge. In rana ta ɗaga ba ta ga kaya ba, sai ta zo ta buga ƙofa, wai gishiri take nema. Ku ba ta tukunyar furannina, ku faɗa mata na gane dabarar tun tuni.

Na huɗu, rigimarku. Graeme, ƙanwarka ta ce ba ka taɓa yi wa Babanku wanka ba, gaskiya ta faɗa. Kerrie, yayanki ya ce ke kaɗai kika yanke shawarar gidan tsofaffi, shi ma gaskiya ya faɗa. To, an yi kunnen doki, ya isa haka. Graeme, kai ke da fili da ƙarfi. Ka haƙe mashanyar kafin a sayar da gidan, ka kafa ta a bayan gidanka. Na san matarka ta ce muni gare ta. Ka ce mata roƙo nake, ba umarni ba. Kada ka miƙe hannun da ya lanƙwashe, da shi yake gane ta. Kerrie, ke ce mai haƙuri. Ki ɗauko shi zuwa gidan Graeme kowace Lahadi, ki jiƙa tawul kafin ya iso. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rana ɗaya ke nan a mako. Sauran ranakun na juya su ta kowane gefe ban samo dabara ba. Zai farka ya nemi kwando ya rasa, ni kuwa ba na nan. Wannan ya fi mini ciwon zafi.

Allah ya yi muku albarka, ya raya jikokina, ya ba ku masu jiƙa muku tawul in lokacinku ya zo. Ku riƙe juna, don daga ku sai shi.

In ya tambayi matar da ke ajiye masa kaya a kwando, kada ku ce na rasu, kowace Lahadi zai ji labarin sabo. Ku ce tana ciki, tana wankin gobe.