Na Kai Baba Prag, Bai Gane Teburinsa Ba

Zuwa ga Yayata Libuše,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Ctibor da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa sanyin Winnipeg ya zo muku da sauƙi. Mu nan Olomouc da godiya. Gwaggo Jarmila ta warke daga ciwon ƙafar, har ta koma yi wa kowa faɗa. Baba ne dai mantuwarsa sai gaba take yi.

Na bi shawararki na kai shi Prag. Kin ce idan ya ga mashayar unguwar Žižkov, inda ya yi rabin rayuwarsa, wataƙila wani abu ya dawo masa. Ni ma na sa rai, har na goge masa kwat ɗinsa mai ruwan toka. A jirgin ƙasa bai daina tambayata ba ko zan sauka kafin shi, kamar wata baƙuwa ce muka haɗu a kujera.

Mashayar tana nan yadda kika san ta, da dogayen teburan katako da ƙamshin albasa da tsiran alade. Cikin abokan teburinsu Kvido kaɗai ya rage, mai gyaran taragon nan da yake ɗaga ki sama kina ƙarama. Yana ganin Baba sai ya miƙe da sandarsa, ya ce ga tsohon ɓarawon kati ya dawo, ashe ƙasa ma ta ƙi karɓarsa. Kin san da Baba ne na da, da ya rama har sai an riƙe ciki don dariya. Sai kawai ya cire hula, ya ce wa Kvido ranka ya daɗe, ya nemi izinin zama. Kvido ya koma ya zauna a hankali, bai sake tsokanarsa ba.

Aka kawo giya, kumfa har tana zuba. Baba ya riƙe kofin da hannu biyu, ya kurɓa, fuskarsa ta saki. Yaya, na ɗauka an dace. Sai ya juyo ya ce mini, 'yammata, wurin nan naku yana da kyau, wai shi bai taɓa zuwa ba. Wai zai kawo 'yarsa Libuše idan ta dawo daga makaranta. Na tambaye shi ko yana da wata 'yar. Ya yi tunani sosai, don kada ya ba ni amsar banza, sannan ya ce a'a, ita kaɗai ce.

Ba don ki ji ciwo na faɗa miki ba. Ni nake yi masa wanka, ni nake ba shi abinci a baki, kuma ƙarfina ya ƙare. Na karɓi gurbin da gidan kula da tsofaffi suka ba mu, zai koma can farkon wata. Idan za ki zo, ki zo yanzu, tun sunanki yana bakinsa. Ban ce zai gane fuskarki ba.

Ki gaishe mini da Ctibor, da Radim da ƙanwarsa Bětka. Gwaggo Jarmila tana gaishe ku, Kvido ma ya ce in gaishe ki.

Ƙanwarki,
Drahomíra